Guzan Komodo Da Ƙaramin Lemur Na Madagaska

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in kwatanta wasu dabbobi biyu da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Guzan Komodo, ɗan uwan guza da damon da muka sani, yana zaune ne a wasu 'yan tsibiran Indunusiya. Tsawonsa kan kai mita 3, nauyinsa kuwa kimanin kilo 70, kuma yana iya kashe barewa. Gwamnatin ƙasar ta keɓe masa gandu tun 1980, masu yawon buɗe ido na tururuwar zuwa kallonsa.

Wanda ya fi damuna shi ne wani nau'in lemur (wata dabba mai kama da biri) da ake kira lemur ɗin Madam Berthe, mafi ƙanƙanta a duk dangin birai, wanda nauyinsa bai wuce giram 30 da 'yan kai ba. Da dare yake fita, kuma ba a samunsa ko'ina a duniya sai dazukan yankin Menabe na yammacin Madagaska, inda ake sare itatuwa ana ƙona daji domin noman masara da gyaɗa. A ganina, ƙanƙantarsa ce ta sa ba a jin labarinsa, alhali halin da yake ciki ya fi na guzan muni.

Naku,
Mai karatu daga Zariya