Ranar tunawa da ma'aikata ta manta da mahaƙan ƙauye

Edita,

Assalamu alaikum. Duk 28 ga Afrilu ana tunawa da ma'aikatan da suka rasu a bakin aiki, amma masana'antun birni kawai ake ambata. Mu na ƙauye fa?

Bara rami ya rufta da ƙanena yana haƙar ƙasar bulo. Da hannu da fartanya muka tono shi, silifas ɗinsa na ajiye a bakin ramin. Ya bar marayu uku, ko sisi ba a ba su ba, alhali dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan.

Ina roƙon dagatai da ƙananan hukumomi su hana haƙa ta ƙarƙashin gaɓa, musamman da damina, a kuma wajabta ɗaura wa mai shiga rijiya igiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Wani mai karatu,
Ringim, Jihar Jigawa