Wasiƙa daga Garwa a kan Yawon Duwatsu da Yara Matasa

Garwa, Arewacin Kamaru

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya, kamar yadda muke a nan lafiya ƙalau. Yaya Duwala, yaya kasuwa, yaya kuma haƙuri da zaman nesa da gida? Allah Ya dafa mana.

Saƙonka ya iso, na kuma fahimci cewa kana da niyyar turo mana samarin nan biyu tare da ƙanwarsu su yi hutun ƙarshen shekara a gida, kuma babbansu ya kafe a kan sai an kai shi Rumsiki, ƙauyen nan mai dogayen duwatsu a bakin iyakar Najeriya, saboda hotunan da yake gani a waya. Ka nemi in faɗa maka wuraren da yaro ɗan shekara 13 zuwa 17 zai iya takawa da ƙafarsa ba tare da an jefa shi cikin wahala ba. Na ga ya fi kyau in zauna in rubuta maka a tsanake, domin ka karanta tare da mahaifiyarsu, tun da na san ita ce za ta fi damuwa.

A duwatsun ƙasar nan rana da ƙishirwa su ne ke fara kayar da yaro, tun kafin tsawon dutsen ya gajiyar da shi, saboda haka da wannan ma'auni na zaɓi wuraren da zan ambata: wurin da za a fita bayan sallar asuba a kuma sauko kafin ƙarfe goma sha ɗaya, wanda yake da inuwa a hanya, kuma mota za ta iya jira a gindinsa. Lokacin da ka zaɓa ya dace ƙwarai. A Disamba da Janairu hunturu ya sauka, safiya tana da sanyi, ciyawa ta bushe ta kwanta, ana ganin inda ake sa ƙafa. Da a ce a Maris ko Afrilu za su zo, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, da ban yarda su taka ko'ina ba, haka nan dogon hutun makaranta yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da duwatsu ke santsi, rafuka kuma ke cika ba zato ba tsammani. Aibin hunturu ɗaya ne, wato hazo, wanda wata rana yakan rufe sararin da aka sha wahalar hawa domin a gani.

Tun da ta jirgin ƙasa za su taso daga Yawunde, kada ka bari su wuce Ngaundere a ranar da suka sauka. Garin yana bisa tudun da ya haura mita 1,000, iskarsa ba ta da nauyi, kuma nan ne ya fi dacewa yaron da ya tashi a bakin teku ya fara gwada ƙafarsa. Dutsen da garin ya ci sunansa, mai dunƙulallen dutse a ƙololuwa, yana nan a gefen gari, hawansa gajere ne. Tafkin Tizon kuma, wanda ya taru a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, 'yan kilomitoci ne daga gari, ana zagaya bakinsa a ƙarƙashin itatuwa. Kallo kawai za su yi, ban da wanka. A wannan yini ne wanda ya rako su zai gane wane ne takalminsa ke matsa masa, wane ne kuma ke saurin haki, ya sanar da ni kafin su gangaro Garwa.

Idan sun huta, wurin da zan fara kai su shi ne kwazazzabon Kola, kusa da Gidar, tafiyar kimanin kilomita 100 daga nan ta hanyar Pitowa. Na san ka tashi a ƙasar nan ba ka taɓa leƙa shi ba, kamar yawancinmu, domin a zamaninmu ba a ɗauki yawon dutse a bakin komai ba, sai dai a ce aikin Turawa ne. Kogin Mayo Luti ne ya daɗe yana cin dutse a wurin har ya tsaga shi, ya bar wani dogon lungu mai zurfi, wanda da rani, idan ruwa ya janye, ake sauka a yi tafiya a cikinsa a kan yashi. Bangon dutsen baƙi ne mai ratsin fari, ya yi sumul kamar cikin tsohon turmi, kuma a wurare da dama ruwa ya fafe shi ya yi ramuka zagayayyu waɗanda yaro zai shiga ya zauna a ciki. Akwai inda lungun yake matsewa har sai an bi ɗaya bayan ɗaya, akwai inda sai an dafa da hannu an haura, sa'an nan a sake faɗawa wani fili mai yashi. Da zarar an sauka ciki zafin rana yana raguwa, murya kuma tana amsa kuwwa, abin da na lura yara ba sa gajiya da gwadawa.

Dalilin da ya sa na fifita Kola shi ne yana ba yaro abin da yake nema, wato hawa da tsalle da ɗaukar hoto, alhali babu doguwar tafiya a cikin rana, kuma duk lokacin da wani ya gaji ana iya juyowa. Samarin ƙauyen suna raka baƙi, sun san inda dutse ke da santsi da inda ya kamata a sa ƙafa, a yi ciniki da su tun kafin a sauka domin kada a yi jayayya a ƙarshe. Abu guda da zan tsananta a kai shi ne ragowar ruwan da ke kwanciya a ramuka. Yana da sanyi, yana jan ido, amma ruwan kwance a ƙasar nan shi ne gidan tsargiya, kuma ba a iya gane zurfinsa daga sama.

Bayan kwana biyu ko uku sai mu nufi Tingilin, dogon tsaunin nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ake hangowa arewa da gari. Wannan shi ne hawan gaske, kuma shi ne zai nuna mana ƙarfin kowa. Ana farawa ta cikin gonakin auduga, waɗanda a wannan lokaci ake tsinka, a bi ta gindin kuka da tsamiya, daga nan hanya ta fara miƙewa cikin tsakuwa da manyan duwatsu. Kashi na ƙarshe ya fi tsauri, domin tsakuwar tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma saukowa ta fi hawa hatsari, musamman ga samari masu son tsere. Idan an kai sama ƙasa ta baje, iska tana kaɗawa, in kuwa an yi sa'ar ranar da hazo bai yi kauri ba, za su ga Garwa gaba ɗaya da kogin Binuwai yana ratsa kwari. Magarya takan nuna a wannan lokaci, kuma ina so in ga fuskar 'yan Duwala idan an ce su tsinka su ci.

Tsaunin nan ƙasar ƙabilar Fali ce tun kafin Fulani su kafa Garwa, kuma har yau ƙauyukansu suna gindinsa. Saboda haka ba a hawa sai an fara zuwa gaida Jauro, wato mai garin, an faɗa masa abin da ya kawo mu, shi kuma ya haɗa mu da wanda zai yi mana jagora. Akwai kogo da duwatsun da mutanen wurin suke girmamawa, inda jagora ya ce kada a shiga, ba a shiga, ba a kuma ɗaga waya a fuskar mutum sai da izininsa. Ka ja kunnen yaran a kan wannan tun daga can, domin yaron birni yakan ɗauka duk abin da ya gani a ƙauye na kallo ne. Idan muka sa hawan ya faɗo ranar Lahadi, za mu biya ta kasuwar Pitowa a kan hanyar dawowa, su ci abin da ransu yake so.

Dutsen Mindif, kudu da Marwa da kimanin kilomita 25, ana zagaya gindinsa ne kawai, ƙololuwarsa sai masu igiya da horo. Duwatsun Alantika kuwa, can wajen Poli a kan iyakar Najeriya, inda 'yan ƙabilar Koma suke zaune, tafiya ce ta kwanaki da kwana a ƙauyuka, a ajiye wa babban sai ya gama jarrabawar bakaloriya, wato ta kammala sakandare.

Saura maganar Rumsiki. Yaron bai yi kuskure ba, wurin yana da kyau fiye da yadda hoto ke nunawa: dogayen duwatsu tsaye ɗai-ɗai a cikin kwari, ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta, da gidajen Kapsiki a tsakaninsu, su ne kuma mutanen da ake kira Higi ko Kamwe a ɓangaren Michika. Hanyoyin ƙafa na wurin ma ba su fi ƙarfin matashi ba. Amma ka san abin da ya faru da yankin tun daga 2013, lokacin da aka sace iyalin nan Faransawa su bakwai a kusa da Waza, da hare-haren Boko Haram da suka biyo baya a ƙauyukan kan iyaka na Mayo Tsanaga da Mayo Sava, har aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Minawawo kusa da Mokolo. Rumsiki tana bakin iyaka, kuma daga Mokolo sai an yi fiye da kilomita 50 a kan hanya marar kyau, wadda idan mota ta lalace a kanta da yamma babu abin da za a yi sai jira. Mutane suna zuwa suna dawowa lafiya, ban musa ba, amma ɗan wani amana ne, kuma ni ba zan ɗauki 'ya'yanka in kai su inda sai na tambayi jandarmomi halin da hanya take ciki kafin in tashi ba. Haka nan gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy da ke wajen Koza, waɗanda aka jera ba tare da laka ko siminti ba, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2025, suna cikin wuraren da nake fatan mu kai su idan Allah Ya kawo zaman lafiya. Ka gaya masa haka da bakinka tun yanzu, kada ya iso da buri ya ga kamar ni na hana shi.

Game da shiri, kowane yaro zai ɗauki ruwansa a jakar baya, aƙalla lita biyu, kuma za a riƙa tsayawa ana sha ko ba a ji ƙishirwa ba. Ni zan riƙe garin gishiri da sukari na kemis saboda wanda jiri ya kama, in kuwa ya ƙare, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa suna yin aikin. Guzuri ba ya wuce dabino da ƙuli-ƙuli da burodi da ɗan kilishi. Takalmi shi ne babban abu: rufaffe, mai kaushin ƙasa, wanda aka riga aka saba da shi, domin sabon takalmi yana fasa ƙafa, silifas kuma ba ya riƙe dutse. Ka saya musu yanzu su riƙa zuwa makaranta da shi. Su sa dogon wando saboda ƙarangiya da ƙaya, ita ma yarinyar ta sa wando a ƙarƙashin doguwar rigarta, hijabin kuma ya zama gajere wanda ba zai maƙale a reshe ba. Kada wani ya ce a bar ta a gida don tana mace, na ga 'yan mata da suka riga yayyensu kai wa sama. A haɗa da hula da man kaɗanya saboda leɓe da ƙafa, hunturun nan ba ya raga wa baƙo.

Kwarin Binuwai ƙasar kububuwa ce, kuma ba na son in ɓoye maka wannan. Da sanyi ba ta cika yawo ba, tana laɓewa ne a ƙarƙashin dutse da tarin ciyawa, saboda haka doka ita ce ba a cusa hannu a rami, ba a ɗaga dutse, ba a kuma zama sai an duba wurin, wanda hakan yana kare mutum daga kunama ma. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya, a kwantar da yaro a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, wannan ne ma ya sa nake son mota ta kasance a gindin dutse a kowace fita. Jagora yana gaba, ni ina baya, mafi ƙanƙanta yana bin jagora, da saurinsa kowa zai yi tafiya.

Abin da nake buƙata daga wajenka shi ne ka haɗo su da katin makaranta da kwafin takardar haihuwa saboda shingayen hanya, ka kuma gaya mini idan akwai mai asma ko sikila a cikinsu, domin ƙura da ƙishirwa suna tayar da duka biyun, kuma hakan zai sa in sauya tsarin gaba ɗaya. Ka sanar da ni ranar da za su hau jirgi da wuri, don in sami wanda zai tarye su a tashar Ngaundere.

Mutanen gida duk suna gaishe ka, Hajiya ta ce a gaya wa uwargida ta kwantar da hankalinta, ta riga ta gyara wa yarinyar wuri a ɗakinta. Ka gaida mini 'yan'uwa na can baki ɗaya. Allah Ya kawo su lafiya, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini,
daga Garwa