Tsingaron Atina

Abba,

Assalamu alaikum. Kawunka ya turo mini bidiyon zanga-zangarku kan kuɗin makaranta. Na gan ka tsaye bisa benci, lasifika a hannu, jijiyar wuya ta fito raɗa-raɗa, kana ta kiran dimokuraɗiyya, daga baya ɗalibai suka ɗaga ka a kafaɗa. Tun ranar mahaifiyarka ba ta yi barcin kirki ba, ni ma haka.

Kalmar nan da kake ihu da ita, na koyar da ita a aji tun ba a haife ka ba. Wurin Turawan Ingila muka aro ta, su ma a Girkanci suka samo: demos jama'a, kratos iko. A birnin Atina na ƙasar Girka abin ya kafu, wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ba a lissafa mata da bayi cikin jama'ar.

Mutanen Atina suna da wata al'ada. Sukan taru a kasuwa, kowa ya ɗauki tsingaro, wanda suke kira ostrakon, ya karta sunan mutumin da yake so a kora. Wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari shekara 10, ba tuhuma ba shari'a. Daga nan Turanci ya sami ostracism. Har Aristidis, wanda ake wa laƙabi da Mai Adalci, bai tsira ba. An ce wani baƙauye da bai iya rubutu ba ya miƙa masa tsingaro, bai gane shi ba, ya ce ya rubuta masa Aristidis. Ya tambaye shi me mutumin ya yi masa. Ya ce ba komai, ya dai gaji da jin ana kiransa mai adalci. Aristidis ya karɓa ya rubuta sunansa da hannunsa.

Kafaɗun nan da suka ɗauke ka su nake tsoro, Abba. Ranar da aka fara harba barkonon tsohuwa, ko aka liƙa sunayen korarru a allo, wa zai tsaya maka? Ka ce da ƙanwarka ni matsoraci ne. To, na ji. Karatu na tura ka, gonar Fadama na jinginar saboda shi, ba don ka zama zakaran taro ba!

Ban ce kukanku ba gaskiya ba ne, na san kuɗin makaranta ya yi nauyi. Ka zo gida Juma'ar nan mu zauna, na sa maka kuɗin mota. Mahaifiyarka ta ajiye maka dambun nama, ta hana kowa taɓawa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka