Safiyar Asabar da lafiyar babur: kira ga masu hawa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu babur, musamman masu hawa irin su Boxer da Jincheng da Haojue. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa na lissafin abin da yake zubawa a tanki. Amma abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin injinan da ake kwancewa a gareji ba tsufa ne ya kashe su ba. Baƙin mai ne da ba a canza ba, da matacin iska da ya toshe, da sarƙar da aka bari ta bushe. Duk ukun aiki ne na safiyar Asabar a ƙofar gida. A Kano ma, ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, ana zaune a gida daga ƙarfe 7 zuwa 10. In an gama shara da kwashe kwata, sauran lokacin ya ishi wannan aiki.

A fara da baƙin mai, domin shi ne jinin inji. A tayar da babur ya yi minti uku, mai ya saki jiki, sannan a kashe, a ɗora shi a kan ƙafar tsakiya a wuri mai daidai. A sa tsohon kwano a ƙasa, a kwance notin da ke gindin inji, wanda a yawancin waɗannan babura sifana mai lamba 17 ce ke kama shi. A bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Kafin a kawar da kwanon, a dube shi a hasken rana. In an ga ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe, wani abu na cin ɗan'uwansa a ciki, sai a garzaya wurin bakanike. In kuwa ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa ga masu kutsa kai cikin ambaliya da damina.

Wajen mayar da notin ne mutane da yawa ke yi wa kansu ɓarna. Jikin injin alminiyom ne, ba ya jure ƙarfi. A fara murɗawa da hannu har ya zauna, sannan a ƙara kaɗan da sifana. Wanda ya taka sifana da ƙafa zai cinye zaren ramin, daga nan mai ya riƙa ɗiga a tsakar gida har sai an sake yanka zare. Kada kuma a manta da ƙaramin zoben da ke ƙarƙashin notin.

Irin waɗannan injina kusan lita ɗaya suke sha, wasu ƙasa da haka kaɗan. A zuba, a tayar na minti ɗaya, a kashe, a jira ya kwanta, sannan a auna da sandar awo ko a duba ta 'yar tagar gilashi in babur ɗin yana da ita. Cika shi fiye da ƙima ba gata ba ne: rarar za ta bi bututun numfashi ta jiƙa matacin iska, salansa ta fara hayaƙi. Mai lamba 20W-50 ya dace da zafin ƙasarmu, kuma a nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Dalili kuwa, kulocin babur a cikin man yake wanka, alhali wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi zamewa. Sai ka ji inji na ihu amma babur ba ya gudu. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, a ganina araha ce da ba ta ado. Ga mai yawo a cikin ƙura, shawarata kada a wuce kilomita 2,000 ba a canza ba.

Matacin iska shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma da hunturu shi ya fi wahala. In na soso ne, a wanke shi da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba don kada ya yage, a shanya a inuwa, a ɗiga masa mai kaɗan a mulmula har ya game ko'ina. In na takarda ne, ba a wanke shi; a kakkaɓe, in ya yi baƙi a sayi sabo. Masu cire shi gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu, ƙura suke ɗura wa fistin, ita kuwa tana gurzar ringi kamar yashi.

Filogi zai gaya maka ko matacin na aiki. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. Baƙi mai toka yana nufin fetur ya fi iska yawa, wato kuɗinka ne ke fita ta salansa. Fari fat kuwa inji na zafi fiye da kima.

Sai sarƙa. A tsakiyar ɓangarenta na ƙasa, a ɗaga da yatsa: ta yi wasan santimita 2 zuwa 3. A juya taya a gwada wurare uku, domin ba ta miƙewa daidai, a daidaita a inda ta fi tauri. In ta yi sako-sako tana iya tsallakewa ta sarƙe tayar baya ana cikin gudu. In ta yi tauri sosai tana cinye haƙoran da take bi. Don daidaita ta, a sassauta babban notin tayar baya, sannan a ja notocin gefe biyu daidai da juna bisa zanen da ke jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar, in ba haka ba tayar za ta karkace. Bayan an ɗaure babban notin taya, dole a sake duba birkin baya, saboda matsar da taya na sauya tsawon sandarsa. A goge sarƙa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a shafa man giya mai lamba 90. Ranar da za a canza ta, a canza har da haƙoran gaba da na baya, domin tsofaffin haƙora a 'yan watanni suke lalata sabuwa.

Iskar taya a auna ta da safe kafin a hau, da ma'aunin mai faci, ba da matsa yatsa ba. A awon PSI da ke jikin ma'aunin, yawanci 25 ne a gaba, 28 a baya, 32 a bayan in za a ɗauki mutum, amma a bi abin da ke rubuce a jikin babur ɗin.

Edita, akwai wani abu da nake so hukumomin tsaftar muhalli su sa wa ido. Tsohon baƙin mai a kwata ake tuttular da shi, wasu kuma a bakin kududdufi suke wanke babur, inda yaran unguwa ke ninƙaya da rana, dabbobi kuma ke sha. A zuba shi a jarka mai murfi a kai wa bakanike, akwai masu saye. Wanki kuma a yi shi a gida da bokiti, bayan inji ya huce, a toshe bakin salansa da leda, kada a watsa ruwa a kan kafireta. In an gama, a tafi a hankali ana taɓa birki har ya bushe kafin a hau babban titi.

Na gode da ba ni wannan dama.

Daga wani bakaniken babur,
Kano.