Rahoton kwamitin gyaran ɗakin awon jini na asibitinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi aikin ɗakin gwaje-gwajen da kuka ɗora mana ya kammala, mun miƙa mukullai ga shugaban asibiti, kuma an fara ɗibar jini ana aunawa a ciki. Takardun kuɗi da rasit duk suna wajen ma'aji, an kuma liƙa kwafi a allon sanarwa ga mai son dubawa. Abin da za mu kawo a nan shi ne me akai, kuma me yasa akai shi haka, don mun san da yawa sun yi ta tambayar dalilin da aikin ya ja lokaci.

Gaskiya a zaman farko niyyarmu kawai a sayo injina a shafa fenti shikenan. Malamar lab ce ta taka mana birki, ta ce ranku ya daɗe in kuka ajiye waɗannan na'urori a ɗakin nan yadda yake, sakamakon ƙarya za su dinga ba mu, kuma sakamakon ƙarya ya fi rashin sakamako illa tunda likita da shi zai rubuta magani. Ta zagaya da mu ta nuna mana silin da ke yoyo, tagogi ba gilas, daɓe duk ya tsattsage, wayarin ɗin kuma ba a haɗa shi da ƙasa ba ko kaɗan. Daga ranar muka juya tsarin, ya zama kowace na'ura sai mun tambayi me take so kafin magini ya ɗora bulo.

Wanda ya fi cin mana lokaci shi ne injin ƙirga ƙwayoyin jini. Dabarar da yake aiki da ita wani Ba'amurke ne Wallace Coulter ya ƙirƙiro, ya samu takardar mallakarta a 1953, kuma in aka yi maka bayani sai ka ga abin ba wuya: ana tsarma ɗan jini cikin ruwan gishiri, a zuƙo shi ta wata 'yar mitsitsiyar ƙofa da lantarki ke ratsawa, duk ƙwayar da ta wuce sai ta ɗan tare wutar, injin ya ƙirga ɗaya, girman tarewar kuma shi ke nuna girman ƙwayar. To kun ga abin da ke ƙirga da irin wannan ɗan motsin wuta, in ƙura ta faɗa ruwan zai iya ƙirga ta a matsayin ƙwaya, in wutar ɗakin tana rawa shi ma lissafinsa zai yi rawa. Shi yasa aka kwance wayarin gaba ɗaya aka sake, aka kafa sandar tagulla a ƙasa aka haɗa, aka ba injin layinsa shi kaɗai da sitabilaiza da inbata da batir, sola a sama, don ko an ɗauke wuta ana tsakiyar awo kar ya mutu da jinin mutum a cikinsa. Tagogin ma aka sa masu gilas mai rufewa ruf. Mai wayarin sai da ya dawo sau biyu, don awon farko da injiniyan kamfanin injin ya yi bai gamsu da haɗin ƙasan ba, kuma ba mu yi musu da shi ba.

Sai zafi. Injin da ke auna aikin ƙoda da hanta da su kitsen jini haske yake harbawa ta cikin ruwan jinin bayan an gauraya shi da sinadari, ya duba yadda launi ya canza, kuma yawancin gwajin a ma'aunin zafi 37 ake yinsa daidai da jikin mutum, in ɗaki ya ɗau zafi sosai riƙe wannan ma'aunin yana masa wuya. Don haka an sake rufi, an sa sabon silin mai tare zafi da na'urar sanyaya ɗaki. Sinadaran kuma mafi yawansu a ma'aunin zafi tsakanin 2 zuwa 8 ake ajiye su, sai aka kawo firij na musamman da ma'aunin zafi a jikinsa da takardar da za a dinga cikewa safe da yamma. Muna roƙo don Allah, wannan firij ɗin ba na ruwan sha bane, kar kowa ya nemi alfarma a kai.

Ko 'yar na'urar awon suga da kowa ya sani tana da nata sharaɗin. Asalinta daga aikin Leland Clark ne, wanda a 1962 shi da Champ Lyons suka kawo shawarar a haɗa sinadarin da ke cin suga da ma'aunin lantarki, yau ga shi an ƙanƙance abin ya koma ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini. Laima da zafi suna lalata tsinkayen, shi yasa kafinta ya yi masu kabad nesa da wajen wanki da taga. Ita kuwa 'yar matsen yatsa mai nuna iskar da ke cikin jini, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararta a 1972, ba ta nemi gini ba, mun dai sayo biyu mun ba ɗakin karɓar gaggawa.

Teburan aiki na kankare ne da tayil a sama. An raba na injin juya jini, mai ware ƙwayoyin jini daga ruwansa, daban da na madubin likita, saboda injin in yana gudu girgiza yake, mai neman ƙwayar maleriya a madubi kuma ba zai ga komai da kyau ba in tebur na rawa. Wannan ma shawarar malamar ce, mu da a tebur ɗaya za mu jera su. An yi daɓe mai santsi marar tsaga don a iya wanke jini in ya zube, an sa wurin wanke hannu mai famfon da ake buɗewa da gwiwar hannu, da injin tace ruwa tunda injin sinadaran ba ya shan ruwan famfo haka nan.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne ɗan ɗakin ɗibar jini da aka fitar a gefe, da kujera mai hannu da labule, mata da tsofaffi su zauna cikin sutura, ga 'yar taga da ake miƙa kwalabe kai tsaye zuwa ciki. Kusancin nan yana da amfani, don jini in ya daɗe a ajiye ba a raba shi ba ƙwayoyinsa suna ci gaba da cinye sugan da ke ciki, sai awo ya nuna ƙasa da gaskiya, in kuma aka jijjiga shi a hanya jajayen ƙwayoyin suka fashe wasu sakamakon su hau. A da sai an ɗauki kwalba an kai wani asibitin, mai jinya na kwance ana jira.

Muna godiya ga duk wanda ya ba da kuɗi ko kaya ko ƙarfinsa, da magina da leburorin da suka haƙura da sauye-sauyen da muka dinga kawo masu, Allah ya saka da alheri. Abu biyu ne suka rage kuma ba za mu ɓoye ba: wurin ƙona allurai da audugar da aka yi amfani da su bai samu murfi da katanga ba tukuna, sannan ba a tsayar da asusun sayen sinadarai da jinin gwaji na tabbatar da ingancin injin ba, wanda ake sa masa kafin a fara aikin ranar. Su ne za mu gabatar a zama mai zuwa in sha Allah, muna so kowa ya zo da shawararsa.