Zuwa ga Bashir, kan ciwon kwatangwalon nan naka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Manchester, ya karatu, ya Maman Hanif da yaran? Ina fatan kowa lafiya. Mu nan Kano alhamdulillahi, hunturu ya shigo da ƙarfinsa, da asuba hazo har ba ka ganin ƙarshen layi. Na saurari saƙon muryarka tun shekaranjiya har sau uku, na fara amsawa ta murya sai naga maganar tana da tsawo kuma zan manta rabi, shine nace bari in zauna in rubuta maka yadda zaka iya komawa ka sake karantawa.

Wallahi da kace ka fara gudu na ji daɗi sosai, amma da ka kai wajen da kace kwatangwalonka na dama yana maka zogi, ƙwaurinka kuma kamar ana buga masa guduma, kuma kana shan magani kana fita a haka, sai gabana ya faɗi, don duk abin da ka lissafa na bi ta cikinsa bara, har maganin ma iri ɗaya muka sha.

Ka san ni abin da ya fitar dani, likita ne ya auna ni yace jinina ya fara hawa kuma nauyina ya kai kilo 94, ko in rage ko in fara shan ƙwaya har abada. Washegari bayan sallar asuba na ɗaura wani kambas ɗan gwanjo da na taɓa saya a Ƙofar Wambai na hau titi. Satin farko numfashi ne matsalata, ko minti biyu ban iya yi sai na tsaya na dafa gwiwa, amma kafin sati na uku sai naji ƙirjina ya buɗe, ina yin kilomita uku ban tsaya ba, daɗin abin ya ɗebe ni na koma fita kullum ba hutu, sati na biyar na kai kilomita bakwai, har ina haɗawa da hawan matakalar dutsen Dala ranar Lahadi. To a nan ne ƙafa ta ce bata san zancen ba.

Ƙwauri ne ya fara, ta ciki, tun daga tsakiya har kusa da idon sawu, in na shafa da yatsa duk layin yana ciwo. Bayan kwana kaɗan gefen kwatangwalo ya karɓa, daidai wannan ƙashin da yake turowa a gefe in ka taɓa saman cinyarka. Abin da ya fi damuna dare ne, in na juya na kwanta ta ɓangaren dama kamar yadda na saba sai in farka kamar an caka min ƙusa, in koma hagu shima ƙafar saman ta rinjayo ta ja wajen. Hawa babur ma sai na riƙe ƙafar da hannu na ɗaga ta sannan in tsallaka. Wata rana a sallar magariba na tashi daga sujada sai da na dafa ƙasa da hannu biyu, dattijon da ke gefena bayan an sallame ya kalle ni yace ɗana lafiya kuwa? Ranar na san abin ya wuce wasa.

Kuskuren da na yi, wanda kai ma naji kana yi, shine na je wani kemis a unguwa aka haɗa min diclofenac da wasu ƙwayoyi, ina sha da daddare in tashi garau in fita. Ciwon yana nan, jinsa ne kawai aka ɗauke min, ni kuma ina ƙara taka wajen. Kwana goma cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono. Dan Allah Bashir ka ajiye ibuprofen ɗin nan da kake sha kafin ka fita. Dangin magungunan nan suna cin bangon ciki, suna wahalar da ƙoda musamman in mutum ya yi gumi bai sha ruwa ba, kuma suna iya ɗaga hawan jini, kaga ni abin da na fita gudu dominsa shi nake ƙara tunzurawa ban sani ba. In ciwo ya hana ka barci ka sha paracetamol ko ka tambayi likita, amma shan magani don ka samu damar gudu a kan ciwo, wannan kam a'a.

Daga ƙarshe wani abokin aikina ya haɗa ni da wata mai gashin ƙashi, fisiyo ɗin asibiti nake nufi ba masu ɗori ba, kuma matar nan Allah ya saka mata da alheri. Kafin ta taɓa ni tambayar farko da ta min itace meye jinotayif ɗina, na yi mamaki, tace ai a ƙasarmu duk wanda ya zo da ciwon kwatangwalo sai an tambayi wannan, saboda masu sikila, SS ko SC, jini yakan daina isa kan ƙashin cinya har ya fara mutuwa, kuma wasu masu SC ɗin suna girma basu san suna da ita ba. Na gaya mata AA ne. Kai ban tuna naka ba, in baka da tabbas ka faɗa wa likitanka ya duba, Turawan can ba lallai tunaninsu ya fara zuwa nan ba.

Sai ta tsayar dani gaban madubi tace in ɗaga ƙafar hagu in tsaya da ta dama kaɗai. Da idona naga ƙuguna ya karkace, ɓangaren hagu ya zube ƙasa, gwiwar dama ta shige ciki tana rawa. Tace ka gani ko, tsokar gefen mazaunanka ce bata da ƙarfi, shekara nawa kana zaune a kujerar ofis da kan babur, ita ce ya kamata ta riƙe ƙugu a daidaice duk lokacin da ƙafa ɗaya take ƙasa, shi kuma gudu gaba ɗayansa tsalle ne daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya, kowane taku nauyin da yake sauka a ƙafar ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Na lissafa kilo 94 sau biyu kawai, na tuna taku nawa ne a kilomita bakwai, jikina ya yi sanyi.

Maganar da ta fi zauna min cikin duk abin da ta faɗa itace zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, sati kaɗan zaka ji numfashinka ya gyaru, amma ƙashi da jijiyoyi watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Shi yasa sabon mai gudu yake jin ciwo daidai lokacin da yake ganin ya fara iyawa, ƙirji yana ce masa ƙara, ƙafa kuma bata iso wajen ba tukuna. Kai ma ka duba, a sati na huɗu naka ya fara ko ba haka ba?

Yanzu abin da nake so ka bambance. Akwai tsamin jiki, wanda cinyoyi da dambubu duka biyun suke yin nauyi washegari, ya fi tsanani bayan kwana ɗaya zuwa uku sannan ya sake ka, in ka fara tafiya ma sai kaji yana warwarewa, wannan ba komai, kowa yana yi. Sannan akwai irin nawa, ƙafa ɗaya, waje ɗaya, yana ƙaruwa in ka ci gaba da gudu har ya canza maka tafiya ka fara ɗingishi, wannan tsayawa ake yi a nemi dalili. Sai na ukun wanda shine yasa na kasa haƙura sai da na rubuto. In ciwon ƙwaurin ya taru a wuri guda ƙarami da zaka iya rufewa da kan yatsa ɗaya, ko ciwon kwatangwalon ba a gefe yake ba, a can ciki yake wajen matsematsi, yana maka ko kana kwance, kuma in ka gwada ɗan tsalle da ƙafar kaji kamar wuƙa, to kar ka ƙara taku ɗaya na gudu, ka ga likita a satin nan, don ƙashi yana iya yin 'yar tsaga saboda yawan duka, kuma ta wuyan ƙashin cinya in aka yi sakaci tana iya karyewa gaba ɗaya har sai an yi tiyata. Hoton ƙashi na farko sau da yawa baya nuna ta, sai an yi MRI, wato hoton da ake shigar da mutum cikin na'ura a ɗauka, saboda haka in an ce hoto lafiya lau amma ciwon yana nan ka koma. Haka in dambubu ɗaya ya kumbura ya yi zafi, ko ciwon yana tasowa daga baya yana gangarowa har yatsu da dindiris, ko zazzaɓi ya haɗu da shi, ka kira 111 ɗin nan naku kawai, lambar wayar neman taimakon lafiya cikin gaggawa, kar ka tsaya tambayata.

A saƙonka kace a gefe yake kuma yana hana ka kwanciya ta wajen, shi yasa nake kyautata zaton irin nawa ne, amma ni ba likita bane kuma ban ga ƙafar ba, ka je a duba ka. Naji a wurare da yawa a Ingila mutum yana iya neman ganin fisiyo da kansa ba sai likita ya tura shi ba, ka bincika unguwarku.

Abin da aka sa ni na yi ba wani abu mai tsada bane. Sati uku ban yi gudu ba, tafiya kawai, gwargwadon da bata tayar da ciwon ba. Da daddare in sa filo tsakanin gwiwoyina in kwanta ta ɓangaren da yake lafiya. Ta hana ni harɗe ƙafa in ina zaune, ta hana ni tsayuwar nan da muke yi a majalisa ta jingina nauyi a ƙugu ɗaya, har miƙar da nake yi ta jawo gwiwa zuwa ɗaya kafaɗar ina ganin gyara nake, tace in bari, matse jijiyar take yi a kan ƙashi. Ƙwaurin kuma fiya wata nake sawa a firiza ya daskare, in naɗe shi a tsumma in ɗora minti 15. Sannan motsa jiki a kan tabarma sau uku a sati, in kwanta rigingine in tanƙwara gwiwa in ɗaga ƙugu sama in riƙe in sauke, in kwanta ta gefe in ɗaga ƙafar sama a miƙe a hankali, in tsaya a bakin dakali in yi ɗage a kan yatsu in sauko, in tashi daga kujera in zauna ba tare da dafa komai ba. Kowanne sau goma, zagaye uku. Na ɗaga ƙafa ta gefen nan ranar farko sau shida na yi tsokar ta fara karkarwa, ƙaramar 'yata tana zaune a gefe tana ƙirga min. Sai da na yi wajen wata biyu da rabi kafin in kwanta ta dama in kai asuba ban farka ba, saboda haka kar ka ga sati biyu ba canji ka ce baya aiki.

Da zan koma gudu kuma tsarin mutanenku na bi, wannan Couch to 5K da hukumar lafiyar Ingila take da manhajarsa kyauta, sati tara ne, fita uku a sati da hutun kwana a tsakani, satin farko gudun daƙiƙa 60 tafiyar daƙiƙa 90 kana maimaitawa. Gaskiya ranar farko abin ya min nauyi a rai, wanda ya taɓa yin kilomita bakwai yau yana gudun minti ɗaya yana tsayawa, samarin da muke haɗuwa suna wuce ni suna ce min Alhaji a daure. Amma na bi shi yadda yake, har sati na biyar sai da na maimaita shi sau biyu da naji ƙwaurin yana son dawowa. Sauri ya haifi nawa, na gani a jikina.

Na kuma bar bakin kwalta. Titunanmu tsakiya ya fi tudu gefe ya gangara saboda ruwa, ni kuma kullum gefe ɗaya nake bi, ashe ƙafa ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa tsawon tafiyar. Yanzu filin ƙwallon wata makaranta nake zagayawa a kan ƙasa, in na yi rabi in juya in bi ta ɗaya hannun. Kai da Allah ya baka wuraren shaƙatawa masu ciyawa a ko'ina ka yi amfani da su mana. Takun ma na rage faɗinsa, gajeru da sauri-sauri, ƙafa tana sauka kusa da ƙarƙashin jiki maimakon in wurga ta can gaba in dira da dunduniya. Shi kuwa kambas ɗin gwanjon da na juya ƙasansa naga dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya tun a ƙafar mai shi na farko. Ana cewa takalmin gudu yana gajiya tsakanin kilomita 500 zuwa 800, wa ya san nawa wancan ya yi kafin ya iso Kano. Ba sai ka sayi mai tsada ba, wanda ya zauna maka daidai da ɗan sarari a gaban yatsa ya wadatar.

Wani abu kuma da ya shafe ka bai shafe ni ba, rana. Can hukumar lafiya tana ba kowa shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a lokacin sanyi, masu baƙar fata irinmu kuma duk shekara, don ƙashi yana buƙatarsa kuma ranar Manchester ka fi ni sanin halinta. Ka tambaya a famasi, kai da Maman Hanif duka.

Abin da nake tsoro shine ka yi fushi ka jefar da takalmin kace gudu ba naka bane, don na kusa yin haka. Yau wata takwas da komawata, ina yin kilomita biyar sau uku a sati, nauyina ya sauko 85, awon jinin ƙarshe likita yace in ci gaba da abin da nake yi. Wannan parkrun ɗin, gudun taron jama'a na safiyar Asabar a wurin shaƙatawa, da kace kana son shiga yana nan kowane sati ba inda zai je, kuma ai ana yarda mutum ya yi shi da tafiya ma.

Ka turo min amsar abu uku, daidai ina ciwon yake in ka nuna da yatsa, yana tashinka cikin dare ko a'a, kuma yaushe zaka ga fisiyo. Ran Juma'a na biya ta wajen Hajiya na gaishe ta, tana lafiya, tace kwana biyu baka kira ba, ban gaya mata zancen ƙafar ba don kar hankalinta ya tashi, ka kira ta. Ka gaida Maman Hanif, ka shafa min kan yaran. Allah ya baka lafiya, ya sa kaffara ne.

Naka,
Auwalu