A Fara Yaƙi Da Satar Fasaha Tun Daga Sakandare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan satar fasaha tsakanin ɗalibai, wato ɗaukar rubutu ko tunanin wani a miƙa shi a matsayin aikin kai ba tare da ambaton mai shi ba. Da zarar an taɓo zancen, hankali kan koma ga jami'o'i, amma ni da nake koyarwa a sakandaren karkara a Jigawa ina ganin cutar tana kama yaro tun kafin ya ga ƙofar jami'a, kuma sau da yawa bai ma san laifi yake yi ba.

Tun daga firamare malami zai cika allo da rubutu yara su kwafe, ranar jarrabawa kuma wanda ya maido da kalmomin malam ba ragi ba ƙari shi ne gwani. Littattafai sun yi ƙaranci, aji ya cika maƙil, Turanci kuma ya yi wa yaro nauyi har yana tsoron sauya kalma ɗaya kada ma'ana ta ɓace masa. Ana cikin haka wayar hannu ta shigo. Idan aka ba da aikin gida a kan kwararowar hamada, yaro ɗaya mai data zai sauko da shafi daga intanet ko ya tambayi ChatGPT, ya tura wa sauran ta WhatsApp, washegari littattafai su iso teburin malami da jimloli iri ɗaya, da kuskure iri ɗaya, da misalan ƙasashen da yaran ba za su iya nunawa a taswira ba, alhali rairayi yana cin gonakin iyayensu. Ka tsayar da ɗayansu ka ce ya bayyana abin da ya rubuta da Hausa, sai ya sunkuyar da kai. Wannan yaron ne gobe zai je shagon kwamfuta ya sayi tsohon kundin wani, a sauya suna a bango, ya karɓi takardar shaidar koyarwa ya dawo mana aji.

Abin ba ya ƙyale manya ma. A 2011 ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya sauka daga muƙaminsa bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na uku, a 2016 kuma fadar shugaban Nijeriya ta amsa cewa an kwafo wani sashe na jawabin Shugaba Buhari daga jawabin Obama na 2008. Manyan makarantu suna da manhajoji irin su Turnitin masu gwada rubutu da abin da ke taskarsu, sai dai ba su da ta cewa a kan aikin da aka rubuta da biro a ƙauyen da babu lantarki.

Abin da ya fi damuna shi ne muna da maganin a gida. A makarantun zaure malami ba ya kawo magana sai ya ce wane ne ya faɗa, kuma a wane littafi, ilimin hadisi kuwa a kan isnadi aka gina shi, wato jerin sunayen waɗanda suka ruwaito magana wani daga wani, har Abdullahi ibn Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini. Yaron da ya tashi yana jin haka ba zai sha wahalar fahimtar cewa jingina magana ga mai ita amana ce ba, muddin an nuna masa cewa hukuncin ɗaya ne a darasin kimiyya da na tarihi.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana malamai mu riƙa ba da aikin da intanet ba ta da amsarsa. A tura yaro ya tambayi manomi yadda ake yankan riɗi da shanya shi, ko ya bibiyi farashin dabbobi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya rubuto sunan wanda ya tambaya da ranar da suka yi magana, sannan ya tsaya gaban aji ya kare abin da ya rubuta. A koya masa rufe littafi ya faɗi abin da ya fahimta da kalmominsa, kuma a ba gurguwar jimlarsa maki fiye da gogaggiyar jimlar aro. Wanda aka kama karon farko a zaunar da shi ya sake aikin, a ajiye horo sai ya maimaita da gangan. Ina kuma roƙon ma'aikatar ilimi ta jiha da kwalejojin horar da malamai su sanya koyar da ambaton madogara cikin bitar malaman ƙaramar sakandare.

Wassalam.

Daga wani malamin sakandare,
Ƙaramar Hukumar Gagarawa, Jihar Jigawa.